Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga malamanmu masu zaman juri: ku nuna mana tiyar da kuke auna mu da ita

Zuwa ga shugabannin jami'o'in ƙasarmu, da daraktocin makarantun doktora, da duk malamin da ke zama alƙalin kundin bincike, wato ɗan juri.

Assalamu alaikum. Malamaina, Allah ya ƙara girma da lafiya. Bayan gaisuwar ɗalibi ga waɗanda suka ɗora shi a kan hanya, ina neman izini in yi magana a gabanku, in kuma harshe ya zarce ku yi mini uzuri.

Ni malamin lise ne a nan Yamai, ɗan Adar, wanda ya koma ya yi masta bayan ya shekara goma yana shan ƙurar alli. Da gangan na rubuto da Hausa. Na san takardar ofis da Faransanci take tafiya, amma ina son waɗanda ke sayar da akuya da damman hatsi don ɗansu ya buga kundi su ma su ji abin da muke tattaunawa, ko da wani ne zai karanta musu daga waya.

Na zauna a zauren sutenansi, inda ɗalibi ke kare kundinsa a gaban juri, sau da yawa, nawa da na abokai da na yaran da na koyar tun suna aji na biyu a lise. Ba zan kama sunan jami'a ba, ba zan kama na tsangaya ba, don abin bai tsaya a gida ɗaya ba. Guda biyu ne suka tsaya mini a rai.

Na farko, wani tsohon ɗalibina ne. An kusa awa biyu ana yi masa kaca-kaca. Shugaban juri ya ce tambayar binciken ba ta fito ba. Ɗan juri na biyu ya ce alƙaluman babi na uku ba su yarda da na babi na huɗu ba. Na ukun ya ɗaga kundin da yatsa biyu ya ce littattafan da aka jera a ƙarshe rabinsu ba a buɗe su ba. Yaron yana tsaye gumi ya jiƙa masa kwat ɗin aro. Aka ce mu fita. Ba mu gama shan ruwan leda ba aka kira mu, muka miƙe tsaye, aka ce 17 bisa 20. Guɗa ta tashi. A bakin ƙofa gwaggonsa, wadda ta kwana a mota don ta zo, ta kama hannun rigata ta ce, malam, ba na jin Faransanci amma ina ganin fuska: sun zage shi kuma sun yaba shi, to wanne ne gaskiya? Na yi dariya kawai, don ban da amsa.

Na biyu wata ƴar ajinmu ce. Ta yi damina biyu a ƙauyuka, ta dawo da littattafan rubutu cike da hirarraki. Sukar da aka yi mata ba ta kai rabin ta wancan yaron ba, mafi yawanta kurakuran nahawu ne da tsarin shafi. Aka ba ta 11,5. Wanda ba ya cikin harkar zai ce ai ta ci. Mu mun san abin da aka yi mata. A tsarin da muka gada, daga 10 zuwa ƙasa da 12 pasabul ne, 12 zuwa 14 ase-biyan, 14 zuwa 16 biyan, daga 16 tere-biyan. Makarantun doktora da yawa ba sa duba takardar mai pasabul, masu ba da tallafin karatu a waje ma haka. Rabin maki ya rufe mata ƙofa, kuma har yau babu takarda ɗaya da ta gaya mata inda rabin makin nan ya faɗi.

Ba ina cewa a rage wa yaron a ƙara wa yarinyar ba. Wataƙila juri biyun duk suna da hujja. Abin da nake cewa shi ne ba wanda ya ga hujjar. A kasuwar Tawa ko ta Katako, in mace ta je sayen hatsi, tiya tana gabanta: ta ga girmanta, ta ga an cika an yi tozo ko an share. Tana iya yin ciniki, tana iya tafiya. Mu kuwa ana auna mana aikin shekara biyu, ko na biyar, da tiyar da ke ɓoye a aljihun mai awo, kuma kowane mai awo da tasa.

Ku tuna yadda muka shigo wannan tsari. Turai ta fara shi da yarjejeniyar Bolonya a 1999. A 2007 UEMOA, ƙungiyar tattalin arziki da kuɗi ta ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, ta fitar da umarnin da ya ɗora jami'o'in ƙasashenta a kan LMD: lisansi shekara 3 da kiredi 180, masta shekara 2 da kiredi 120, doktora shekara 3. Kowane zango kiredi 30. An ce mana amfanin abin shi ne digirin Yamai ya karantu a Dakar da Lome da Wagadugu ba tare da tafinta ba. Madalla. Amma kiredi yawan aikin da ɗalibi ya yi yake ƙirgawa, ba ya faɗin ingancinsa. A sassa da yawa zangon ƙarshe na masta kusan dukansa kundi ne, wato babban kaso na digirin yana rataye da lamba ɗaya da mutum uku ko huɗu suka tsayar a bayan ƙofa. Darussan aji an yayyanka su, an sa wa kowanne nauyinsa, an faɗi lokacin jarrabawar cike giɓi. Da aka zo kan bincike, wanda shi ne dalilin zuwanmu, sai aka bar shi ga hali da yanayin ranar.

Abin da ya fi ba ni mamaki, malamaina, ku kanku ba haka ake auna ku ba. CAMES, majalisar ilimi mai zurfi ta Afirka da Madagaska, wadda shugabannin ƙasashe suka haifa a nan Yamai a 1968 kafin ta kafa hedikwatarta a Wagadugu, tana da kundin ƙa'idojin tantance malaman jami'a a rubuce. Asistan, wato ƙaramin malamin jami'a, da ke neman hawa matakin metur-asistan ya san maƙala nawa ake nema gare shi. Mai neman kujerar farfesa ya san shekarun da zai yi a matsayinsa, da irin ɗaliban da ya kamata a ce ya kai ga sutenansi. Kowace shekara kwamitocin ƙwararru suna zama su duba takardunku da ma'aunin da kuka sani tun kafin ku aika. Na ga yadda malami ke kwana yana jera takardunsa daidai da wannan ƙa'ida, yana ƙirga abin da ya rage masa. Da an ce muku a daina rubuta ƙa'idar, a bar wa kwamiti ya yi abin da ya ga dama, da ƙungiyarku ta malaman jami'a, SNECS, ta rufe azuzuwa kafin la'asar, kuma da ni ma na goya mata baya. Abin da kuka samu a sama muke roƙo ku sauko mana da shi.

Ba wani babban abu ba ne. Shafi ɗaya ya isa. Kowace makarantar doktora, kowane sashen masta, ya rubuta abin da yake dubawa: fitowar tambayar bincike, hanyar da aka bi, ingancin bayanan da aka tattaro, sanin abin da magabata suka rubuta, rubutun kansa, da yadda ɗalibi ya kare aikinsa da baki. A sa wa kowanne makinsa. A bayyana da kalmomi abin da ya raba aikin 12 da na 14 da na 16. Ban ce mai kimiyyar sinadarai da mai tarihi su yi tarayya a takarda ɗaya ba, kowane fanni ya san abin da yake kira aiki mai kyau. A miƙa wa ɗalibi wannan shafi ranar da ya yi rajista, kada a jira ranar da ya sa kwat. Kowane ɗan juri ya cika nasa shi kaɗai kafin a shiga shawara, a sa hannu, a ajiye, ɗalibi ya samu kwafe. In aka samu ɗaya ya ba 11 ɗaya ya ba 17, wannan ma labari ne da ya kamata darakta ya ji.

Akwai wurin da nake so in ɗan daɗe, wato maganar harshe. Ba na kare mugun rubutu. Ni ma jan biro nake riƙewa, na san takaicin jimlar da ba kai ba gindi. Amma a ƙasar da manomi da makiyayi da ungozoma suke magana da Hausa da Zabarmanci da Tamajak da Fulatanci da Barbarci, aikin bincike na gaske a fannonin zamantakewa da waɗannan harsuna ake yinsa. Ɗalibi ya zauna da masu noman albasa a Galmi, ko da matan da suka yi aikin gyaran ƙasa a kwarin Keita, ya naɗi magana, ya kwashe ta a rubuce, ya juya ta zuwa Faransanci ba tare da ya kashe ma'anarta ba: wannan aikin watanni ne, kuma gwaninta ce. Ban taɓa jin juri ya tambayi yadda aka yi wannan juyin ba, balle ya ba shi maki. Amma na ji an yi minti ashirin a kan wasalin da aka manta wa alama. Jami'ar Tawa tana ɗauke da sunan Farfesa Djibo Hamani, wanda tarihin Adar da ya rubuta ya jingina da abin da dattawa suka faɗa masa da bakinsu. Tun watan Maris na 2025 kuma dokar ƙasa ta ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. To a ba nahawun Faransanci rabonsa a cikin ma'auni, rabo sananne, kada ya cinye rabon sauran.

Sai maganar mai kula da ɗalibi. Nan ne kowa ke rage murya. Daraktan bincike shi ke karɓarka, shi ke gyara maka, shi ke cewa ka isa ko ba ka isa ba, sau da yawa shi ke ba da sunayen waɗanda za su zauna juri, sannan ya zauna tare da su. In mutumin kirki ne, kuma mafi yawanku haka kuke, ɗalibi ya dace. In kuka saɓa, ko ya yi tafiya, ko ɗalibai talatin suka yi masa yawa, babu ƙofa ta biyu. Ga kuma wani abu da kowa ya sani ba a faɗa: yawan ɗaliban da malami ya kai ga sutenansi yana shiga takardunsa na ƙarin girma, kuma wanda ya zauna jurin ɗalibinka yau, gobe kai za ka zauna na nasa. A irin wannan zama, ba ɗalibin abokin aiki 12 kamar zagin abokin ne. Daga nan 17 ɗin da ba ta da tushe take fitowa. Ba mugunta ba ce, kunya ce da zumunci, abubuwan da muke alfahari da su a gida, amma a zauren juri suna ɓata awo.

Faransa da muka kwaso wannan al'ada daga gare ta ta sake nata tsarin. Dokarta ta 25 ga Mayu 2016 ta ce daraktan bincike yana zama cikin juri amma ba ya sa baki a hukunci. Ta kafa kwamitin bin sawun kowane ɗalibin doktora, wanda daraktansa ba ya ciki. Kuma ta daina ambaton darajojin digirin doktora na onorabul da tere-onorabul da jinjinar juri, bayan an ga kusan kowa na sama yake samu har sun daina bambanta kowa da kowa. Ba ina cewa mu bi su don su ne ba. Abdu Mumuni, ɗan Tasawa da babbar jami'armu ta ɗauki sunansa a 1992, tun 1964 ya rubuta littafi yana jan kunnen Afirka game da makarantar da aka gada daga mai mulkin mallaka ba tare da an tace ta ba. Abin da nake nunawa kawai shi ne mai rigar ya tuɓe ta don ta matse shi, mu kuma muna nan muna gyara mata wuya. Mu zauna mu yanka tamu. In mun ga darajojin suna da amfani a wurinmu, mu riƙe su, amma mu rubuta abin da ke sa a samu kowacce.

Kwamitin bin sawu kuwa, shi kam ina roƙonsa da babbar murya, kuma na gaske, ba na sa hannu a takarda ba. Sau ɗaya a shekara, malamai biyu ko uku su zauna da ɗalibi, su ga inda ya kai, su ba shi ɗan lokaci ya yi magana daraktansa ba ya ɗakin. Wanda aikinsa ba ya tafiya a gaya masa a shekarar farko, a rubuce, tare da abin da zai gyara da wa'adin gyaran. In ya kasa, a sallame shi da mutunci tun yana da ƙarfin neman wata hanya. Ya fi a bar mutum shekara shida yana biyan rajista, a ƙarshe a ji kunyar kayar da shi a ba shi digirin tausayi.

Wa'adi ma haka. An ce doktora shekara 3, ana iya ƙarawa bisa dalili. To agogon nan wa yake ƙirga wa? Ɗalibi ya miƙa babi ya jira wata huɗu kafin ya dawo, watannin a kansa suke. Shekarar karatu ta hau kan wata saboda yajin aiki, na malamai ko na ɗalibai, a kansa. Kuɗin burs, wato tallafin karatu, suka makara ya koma koyarwa a makarantar kuɗi don ya ci abinci, a kansa. Tun 2017 akwai dokar ta-ɓaci a wasu sassan Tilaberi da arewacin Tawa, irin su Tasara da Tiliya, a wasu wuraren ma an hana hawa babur. Wanda filin bincikensa yake can ba lalaci ya hana shi zuwa ba. Mace ta haihu a tsakiyar aiki, ba a dakatar mata da ƙirga. In za a ɗaure ɗalibi da wa'adi, kuma ya kamata, to a ɗaure gyaran babi da wa'adi, a ɗaure rahoton masu duba kundi da wa'adi, a kuma rubuta dalilan da ke tsayar da agogo.

Sharaɗin buga maƙala kafin sutenansin doktora abu ne mai kyau da ya haifi ɗa marar kyau. Da yake ba a cika faɗin mujallun da aka yarda da su ba, ɗalibai suna faɗawa hannun mujallun intanet da ke karɓar kuɗi su buga komai cikin mako biyu. A lissafa mujallun da kowane fanni ya amince da su, a manna. A kuma faɗi ƙa'idar jera sunaye a kan maƙala, don yaro ya san ko sunan wa zai hau aikinsa da dalili.

Laifi tudu ne, na sani, kada in taka namu in hango naku. Mu ɗalibai muna son 17 ɗin nan ko ba mu cancanta ba. Muna cika zaure da dangi da kuloli na abinci da mai ɗaukar hoto, har ɗan juri ya ji nauyin faɗin gaskiya a gaban uwar da ta yi anko. Akwai masu kwafe kundin wani daga wata ƙasa su canza sunan gari. Akwai masu biyan wani ya rubuta musu. Tun ƙarshen 2022 kuma ChatGPT da ire-irensa sun shigo, suna rubuta babi sumul ba kuskuren nahawu ko ɗaya, wanda ke nufin juri mai farautar wasali shi ne zai fi saurin ruɗuwa. Manhajar gano satar rubutu tana taimakawa, amma kaso cikin ɗari da take fitarwa ba hukunci ba ne. Abin da na'ura ba ta iya ƙirƙira shi ne littafin fili mai ƙura, da muryar da aka naɗa, da rajistar ɗakin gwaji mai kwanan wata. Ku nemi a kawo su a ajiye a teburin juri. Ku buɗe shafi ku ce, wannan dattijon da ka ambata, a ina kuka zauna, me ya ce kafin wannan jimlar? Minti biyar sun isa a gane wanda ya je da wanda bai je ba. Rubutacciyar ƙa'ida ba sassauci muke nema da ita ba, mu za ta fara kamawa.

Saura hanyar ƙorafi. Wanda ya ga an zalunce shi a maki yau, abin da ya rage masa shi ne ya nemi wani babba ya kai gaisuwa, ko ya haɗiye. Ɗan wani yana da wanda zai aika, ɗan talaka ba shi da shi. A sa kwanaki sanannu bayan sutenansi da ɗalibi zai iya rubuta ƙorafi, malaman da ba su zauna jurin ba su duba ko an bi ƙa'ida, su amsa masa a rubuce. Mafi yawan ƙorafin zai faɗi, na yarda, amma wanda ya faɗi zai san dalili.

Wataƙila wasunku za su ce a sashenmu ai muna da irin wannan takarda. Na yarda akwai, na ma taɓa ganin wata a hannun wani malami, an yi ta da kyau. To a fito da ita daga aljihun tebur. A manna ta a allon sanarwa kusa da jerin sunaye, a sa ta a shafin intanet na jami'a, a tura ta a zaurukan WhatsApp da ɗalibai ke samun labarin komai.

Wata yarinya da na koyar a ajin ƙarshe na lise, ƴar wani ƙauye kusa da Buza, ta gama lisansi, za ta nemi masta a rajista mai zuwa. Ita ce ta farko a gidansu da ta wuce bak, jarrabawar kammala lise. Makon jiya ta zo gaishe ni, ta zauna a bakin tabarma da littafinta a buɗe, ta ce, malam, ina son in kai doktora, me ake so in yi a kundina don in samu 14? Ta riƙe biro tana jira. Na ce mata ta ba ni lokaci, zan tambayo malamaina.

Wassalam.

Ɗalibinku,
wani malamin lise, Yamai.